Wankan Da Inna Luba Ba Ta Yi Ba

Shekara talatin da wani abu Inna Luba tana ungozoma a Bukkuyum. Rabin 'yan acaɓan garin ita ta yanke musu cibiya, shi ya sa ba ta biyan kuɗin mashin, kuma ba ta godiya. Mace ce mai faɗa, hannunta kuwa ba a taɓa kuka da shi ba.

Bara da damina 'yarta Shamsiyya ta haifi bakwaini a asibiti, aka sallamo su bayan kwana biyu. A ranar Inna Luba ta tashi da tari da yoyon hanci. Ta sha citta, ta ɗaura zane za ta tafi wankan jariri.

Ɗanta Halilu, ma'aikacin jinya ne a Gusau, ya zo barka, ya tare ta a zaure da wani ɗan kwali. Ya ce abin gwaji ne, yana nuna ko korona ce, ko mura mai zazzaɓi, ko wadda ke toshe ƙirjin jarirai.

"Mura dai mura ta," in ji ta. "Mi za ka gwada mani?"

Ta miƙa yatsa kamar gwajin maleriya. Ya ce a'a, hanci. Ya zura mata tsinke mai auduga, ta yi atishawa, ta zage shi tas. Bayan minti goma sha biyar layi ya fito a gurbi na uku, na mai toshe ƙirjin jarirai.

"Inna, gare ki mura ce. Ga jaririn tana iya zama ajali."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai kwance zanen fita, ta aika a kira Asma, maƙwabciyar Shamsiyya da ba ta taɓa wanke bakwaini ba. Daga nesa, da mayafi a baki, ta koya mata ɗumin ruwa da riƙon wuya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don jikanta na fari ke nan.

Ranar suna tana gida tana tari. Da la'asar aka kawo mata cinyar rago, rabon ungozoma, aka ce yaro lafiya lau, har ya fara kama nono da ƙarfi.

Ta duba naman, ta rufe kwanon.

"Ku kai ma Asma. Ita ta wanke shi."