Muciyata da Shinkafar Kaka

Kakana mutumin kudu ne, fatauci ya kawo shi Agadas. Da ƙuruciya ya yi wa Ingilishi soja, aka kama shi a yaƙi can gabas, ya sha zaman fursuna. Abu biyu ya dawo da su: ƙin shinkafa, da wani wasa wai shi kurket, wanda duk garin ba mai gane kansa sai shi.

Sanda uku yake kafawa a tsakar gida, ya tsaya gabansu da katako, a jefo goruba ya make. Da katakon ya tsage, sai ya koma satar mini muciya. Ni ke girki a gidan, mun sha faɗa a kan haka.

Shekarar da aka yi fari, bayan sojoji sun karɓi mulki, gero ya ɓace a kasuwa. Kamiyon taimako, babbar mota shaƙe da buhuna, ya iso unguwarmu, aka sauke, sai ga shinkafa. Kaka ya leƙa tukunya ya juya baya. Shayi kawai yake sha, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ina kallo tsohon nan zai kashe kansa da taurin kai.

Na miƙa masa muciya na ce, "Maigida, tashi. In na kayar da sandarka, ka cinye kwanon nan."

Ya ce, "Amarya, da wannan hannun naki? Ko raƙumi ba ki samu."

Gaskiyarsa. Na jefa, na jefa, yana makewa yana dariya, goruba har gidan maƙwabta. Hannuna ya mutu. Haushi ya sa na fashe da kuka, na ƙara jefawa ba ko saiti.

Ina gani ya ɗaga muciyar sama, ya bar gorubar ta wuce. Ba ta ma taɓa sandar ba, shi ya ture ta da diddige.

Ya zauna ya jawo kwanon, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce wanda ya koya masa wasan a kurkuku, da ciwo ya ci ƙarfinsa, kullum sai ya tura masa tasa shinkafar ya ce ya ƙoshi. Mutumin bai fito da rai ba.

Ya yi bisimilla, ya kai loma. Sannan ya ce gishiri ya yi kaɗan.