Ranar da Haris Ya Gwada Uwarsa

Haris ɗan yayata Falmata ne, ɗanta na fari. A Kirikasamma aka haife shi. Da bandar kifi ta ɗauki nauyin karatunsa har ya haye ƙasar waje. Shekara goma sha ɗaya ke nan aikinsa guda: leƙa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta wani madubi yana ɗaukar hoto. Wai akwai wani abu, furotin, da kan dunƙule a cikinsu har mutum ya manta kansa.

Bara ruɗewar tsufa ta kama Falmata. Takan ɗora tukunya ba ruwa, takan tambayi mijinta da ya rasu tuntuni. Autarta Zara ke jinyarta.

Bayan babbar salla sai ga Haris. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya baje mana hotuna a tabarma.

"Kawu, ka ga wannan curin? Kamar yadda ciyawar kachalla ke toshe hanyar ruwa ne."

Na ce, "To, madalla." Mu da muke saran kachalla tun yana goye.

Ya ce zai gwada uwarsa. In ta gane shi, ta zauna ɗakinta. In ba ta gane ba, sai asibitin birni. Zara ta fashe da kuka, don ta san ranar da aka raba Falmata da ɗakin nan, an gama da ita.

Ya tsaya a kanta ƙiƙam, riƙe da biro.

"Inna, mene ne sunana?"

Ta sunkuyar da kai. Ya maimaita har sau uku. Ta ja mayafi, ta juya masa baya. Sai ya hau rubutu.

"Ka gani ko, Kawu? Ba ta san ni ba."

Na bari ya rufe bironsa tukuna.

"Likita, shekararka arba'in da biyu. Ka taɓa jin sunanka a bakinta? Wace uwa ce a garin nan take kama sunan ɗan fari?"

Sai Falmata ta yafito Zara.

"Ke, kada ki zuba wa wancan tarwaɗa. Tun yana ƙarami take sa shi ƙaiƙayi."

Falmata na nan ɗakinta. Haris ya koma wurin madubinsa, ya bar mana hoto guda don mu ƙaru. Takardar na da kauri. Da ita Zara ke fifita wuta.