Alkamar Arba'in ɗin Lefteris

Shekara arba'in da ɗaya Gwaggo Froso tana soya wa baƙi 'yan yawon buɗe ido kifi, mijinta Lefteris yana zagaya tsibirin Nisiros da su a kwalekwale. Ranar arba'in ɗin rasuwarsa ta dafa alkama da rumman da sukari, ta tsaya a ƙofar coci tana rabawa sadaka. Tsararrakinsu sun ƙare, 'ya'yansu suna Jamus. Baƙi kaɗai suka karɓa, kowa yana godiya.

"Ɗana, alkamar mamaci ba a yi mata godiya," ta ce wa wani dogo da rana ta ƙona. "Ce, Allah ya gafarta wa Lefteris."

Ya faɗa a karkace, don ba yarensa ba ne. In ban da ta limamin cocin, addu'ar da ta samo wa mijinta ke nan ranar. Ta ƙara wa dogon baƙon alkama cokali biyu.