Wanda Aradu Ta Bari

Duk wanda ya yi damina a Kaoje a shekarun samun 'yancin kai ya san Kimba, ko da yake da wuya ka sami wanda ya taɓa fakewa ruwa tare da shi. Manomin shinkafa ne, dogo, mai son hira har tuwo ya huce a gabansa. Wata la'asar hadari ya rutsa da shi a fadama tare da amininsa Bunyaminu, suka fake a gindin giginya. Aradu ta faɗi. Bunyaminu ko shurawa bai yi ba. Kimba kuwa yana kwance yana numfashi, mutane sun yi cirko-cirko, don a wurinsu wanda aradu ta taɓa ba a sa masa hannu sai an zuba masa nono. Sai da aka ɗebo ƙwarya guda daga ruga aka kwarara masa, sannan aka ɗauke shi.

Ya warke, sai kunnen hagu da ya toshe. Amma gari ya riga ya yanke hukunci: wai mutum biyu aradu ta zo ɗauka, ta tafi da ɗaya, za ta dawo. A fadamar nan kuwa babu daminar da ba ta kashe saniya ko ta ƙone rumbu, to wa zai yi musu? Da rani kowa abokin Kimba ne. Da gabas ta yi baƙi sai majalisa ta watse, kowa ya tuna akuyarsa tana waje. Matarsa Jummai ta riƙa zuwa ganin gida a Kurgu kowace damina, har wata shekara ta manta hanyar dawowa. Ya kafa bukka a bakin gonarsa, can yake zama har a yanke shinkafa. Kaɗaicin nan ya ci masa rai ƙwarai.

Wata rana ruwa ya kece, sai ga wani bafatake, Ango, ya tsallako daga Dahomey da kayan gishiri, ya faɗo bukkar da sallama. Bai san labarin ba. Kimba ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya gasa masara, suka shiga hirar sabuwar tuta da masu gadin iyaka, har Ango ya soma ba shi labarin 'yarsa Rakiya, wadda ba ta cin abinci sai ya dawo gida.

Ana cikin haka tsawa ta matso. Kimba ya dubi baƙon, ya tuna yarinyar, ya miƙe.

"Baba, ina za ka cikin ruwan ga?" in ji Ango.

"Zamna abinka, ɗana. In tahi in duba gona."

Ya yi nisa har bukkar ta ɓace masa, ya tsuguna a fili, ruwa na dukansa, yana jira. Aradu ba ta zo ba.

Da ruwa ya ɗauke ya dawo, Ango ya riga ya kama hanya, ya bar masa ɓarin goro a kan tabarma. Kimba bai ji ƙarshen labarin Rakiya ba. Ya zauna a gefen da baƙon ya tashi, wurin da sauran ɗumi.