Furera, Wadda Ta Ƙi Goge Ƙorafin Maman Damilola

Da sassafe, kafin masu adaidaita sahu su cika titin Gyaɗi-Gyaɗi da hon, Furera ta riga ta buɗe ɗan shagonta da ke lungun masu sayar da katifa. Babu komai a ciki sai tebur da benci da fanka, da wayoyi biyu a jikin caji. Takan yi bismillah, ta goge tabarau da gefen mayafi, sannan ta fara buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya: na tela, na mai turaren wuta, na mai gyaran waya, na wata mai dubulan a Unguwar Gano. Masu sana'o'in ne suka damƙa mata amanar shafukansu na Fesbuk da Instagiram. Ba da ɗora hoto take farawa ba. Abin da mutane suka rubuta take fara karantawa, kuma ko "nawa ne?" kawai mutum ya ce, sai ta amsa masa da sunansa.

Shekaru ta yi a kan wannan benci. Yanzu idanunta sun fara ba ta wahala, likita ya ce ta rage kallon waya, kuma a ƙarshen watan nan za ta mayar wa kowa da shafinsa. Shi ya sa na ga bai kamata ta tashi shiru ba, alhali ita ce ta koya wa rabin unguwar nan magana.

Ku tambayi Malam Inuwa tela. Lokacin da ya fara zuwa wurinta, ransa a ɓace yake. Ya ce kullum yana ɗora ɗinki, mutane su gani su wuce, ko sannu babu mai ce masa.

Furera ta ce, "Malam Inuwa, ka taɓa tambayarsu wani abu?"

Ya ce, "Me zan tambaye su? Ai ni ne telan."

Ta ɗauki hoton wuyan kaftani iri biyu, ta rubuta a ƙasa: "Wanne za ka sa ranar ɗaurin aurenka, wanne za ka bar wa abokin ango?" Kafin la'asar samari sun kaure da musu a shafin, har da wani dattijo da ya ce duka biyun ba su kai na zamaninsu ba. Furera ta ce masa, "Baba, to turo mana na zamaninku mu gani." Ya turo kuwa. Malam Inuwa ya ɗinka irinsa, kuma har yau ana nemansa.

Akwai lokacin da wasu suka kawo mata tayin asusun bogi, waɗanda za su riƙa rubuta yabo a shafukan da take kula da su. Ta ce a'a. Ta ce yabon da mutum ya rubuta wa kansa ba zai gaya masa inda ɗinkinsa ya karkace ba. Matan da ba su iya rubutu ba kuwa, saƙon murya take ce su turo, ta saurara, ta amsa musu da murya. Ba ta taɓa barin tsohuwa ta ji kunyar tambaya ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a shafin Hajiya Sa'adatu ta Darmanawa, mai haɗa garin kunun yaye da gero da gyaɗa da waken suya. Furera ta mayar da wannan shafi wurin hirar iyaye mata. Duk Juma'a takan tambaya, "Me yaronki ya ƙi ci a makon nan?" Mu kuma mu yi ta zuba. Ina cikinsu, domin a lokacin nake yaye 'yata Husaina. Mun saba da cewa idan muka yi magana a can, za a ji mu.

Wata safiya da damina, Titilayo, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, wadda muke kira Maman Damilola, ta rubuta a ƙarƙashin hoton sabon gari: "Hajiya, ki yi haƙuri. Garin da na saya jiya yana wari kamar magani. Damilola ya sha, yana ta amai. Akwai wadda ta ga haka?"

Hajiya Sa'adatu da kanta ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce tana gani ta tari adaidaita, ta isa shagon Furera.

"Furera, goge shi. Goge shi yanzun nan kafin mutane su gani. Zan kira matar in ba ta haƙuri a ɓoye."

Furera ta ce, "Hajiya, zauna tukuna. Garin nan ya fita da yawa?"

"Tun Litinin ake saye. Har Unguwar Gano an kai."

"To yaran da ke can fa? Wa zai kira iyayensu a ɓoye?"

Hajiya ta ce, "'Yar nan, da wannan sana'ar nake riƙe da marayuna. Idan maganar ta bazu, na gama."

Furera ta miƙa mata wayar da hannu biyu. Ta ce, "Hajiya, shafinki ne. Idan kin ga a goge, ga shi. Amma ni hannuna ba zai iya ba. Yanzu haka wata tana can ta ɗora ruwa a wuta."

Hajiya ta karɓi wayar. Sai ta fashe da kuka, ta mayar mata, ta ce, "Rubuta abin da ya dace. Ki sa sunana."

Furera ba ta tsaya kwaskwarima ba. Ta ɗaga maganar Titilayo sama yadda kowa zai fara cin karo da ita, ta rubuta: "Daga Hajiya Sa'adatu. Duk wadda ta sayi gari tun ranar Litinin, don Allah kada ta dama. Ki shinshina, ki gaya mana a nan abin da kika ji. Idan kin san wata da ta saya, ki ambaci sunanta, ki kira ta."

Da a wani shafin ne, da saƙon ya kwana babu wanda ya tanka. Amma nan matan sun saba amsawa. Nan da nan sharhi ya fara zubowa. Wannan ta ce nata ma yana wari. Waccan ta ce ta kira ƙanwarta. Wata ta ce wayar maƙwabciyarta a kashe take, bari ta sa hijabi ta je da ƙafa. Titilayo, tana riƙe da nata yaron a asibiti, ta riƙa rubuta wa iyaye cewa duk yaron da ya riga ya sha a kai shi a duba shi, kada a jira, kuma a tafi da ledar garin.

Ni a lokacin ina kicin. Na riga na kwaɓa garin da ruwan sanyi, tukunya na tafasa, Husaina na riƙe da zanina tana kukan yunwa. Mura nake yi, ban ji warin komai ba. Wayata ta yi ƙara, na ƙi ɗauka, ta sake, na ɗauka. Zainab ce, wata da ban taɓa gani ido da ido ba, a shafin kawai muka saba har muka karɓi lambar juna. Ta ce, "Maman Husaina, kin dama? Kada ki ba ta! Kada ki ba ta!" Na kalli kwanon da ke hannuna. Na zauna a ƙasa na rungume yarinyar, ita tana kukan kunu, ni ina ta maimaita alhamdulillahi.

Daga baya aka gano cewa waken suyar da Hajiya ta saya wurin wani sabon dillali an adana shi da maganin ƙwari. Yaran da suka sha ba su da yawa, kuma dukkansu an sallame su lafiya, har da Damilola. Hajiya ta bi gida gida ta karɓo garinta. Ta rufe sana'ar na wani lokaci, tana ganin ba mai sake waiwayarta. Ranar da ta dawo, Furera ta ɗora bidiyonta tana tsince wake tana wankewa, ta tambaya, "Me kuke so ku ƙara gani kafin hankalinku ya kwanta?" Titilayo ce ta fara amsawa. Ta ce, "Mun gani, Hajiya. A ajiye mini leda biyu."

Furera, ke ce kunnen unguwa. Ke ce kika ɗauki tambayar da wasu ke ganin ɓata lokaci ce, kika riƙa amsa ta da haƙuri safiya bayan safiya, har mutane suka yarda cewa maganarsu tana isa wani wuri. Ranar da aka buƙaci wannan yardar, ta yi aiki. Na zo in gode miki, kika ce in je in gode wa Maman Damilola, wai ita ce ta rubuta. Na je na gode mata. Ita kuma ta ce ta rubuta ne don ta san a shafin da kike riƙe da shi ba a goge mutum.

Ku masu shafuka, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, kun ga abin da ta bar muku. Ku tambayi mutanenku, ku amsa musu da sunansu, kuma idan wani ya kawo ƙorafi ku bar shi a inda kowa zai gani, ku gyara a gaban kowa. Mu masu saye kuma, idan mun ga abin da bai yi ba, mu faɗa cikin ladabi, kada mu wuce shiru.

Mun gode, Furera. Allah ya ba idanunki lafiya, ya saka miki da alheri, ya sa ki huta cikin rufin asiri. Husaina ta shiga firamare bana. Ba ta san sunanki ba tukuna, amma zan gaya mata.