Rigunana a Kabad ɗin Mai Busa

Bayan na ajiye aikin shugabancin makaranta a ƙasar Zazzau, uwargidana kuma ta riga mu gidan gaskiya, sai 'yata ma'aikaciyar jinya ta nace lallai in bi ta New York. Haka na sami kaina a Park Hill, cikin wani dogon bene na jan bulo wanda yawancin mazaunansa mutanen ƙasashenmu ne. Ita takan fita da sassafe ta hau bas zuwa mashigar jirgin fito, ni kuwa in zauna bakin taga da shayina, ba ɗalibi, ba ƙararrawa. In ban da ranar Lahadi da nake saka babbar riga in tafi coci, ba ni da wani dalilin fita.

Abin da ke cika mini safiya shi ne wani sauti da kan taso daga ɗakin ƙarshen barandarmu. Sauti guda ne tak. A ja shi, a tsaya, a daɗe, a sake jan sa. Wani lokaci ya fito kamar kukan maraƙi, wani lokaci kuma iska ce kawai ke huci. Haka za a yi ta yi, ana hutawa ana komawa, har rana ta karkata. Mun san mai ɗakin da gani: wani dogon tsoho ne baƙar fatar Amurka, mai ɗaga malafarsa in ya gamu da mace a lif ɗin hawa bene. Duk mun yanke masa hukunci tun ba mu yi magana da shi ba, cewa tsufa ne ya zo masa da sha'awar koyon busa ƙaho, Allah kuwa bai ba shi ba.

Wadda bango ɗaya ya raba su da shi wata Hajiya ce 'yar Zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kwana take yi a wurin aiki, ta dawo da safe neman barci. Wata rana ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, idanunta jajur.

"Baba, ka ji ɗan makarantarka ya fara?"

"Na ji, Hajiya. Ina gajiya?"

"Gajiya tana nan, ita ta kawo ni. Wallahi da akuya ce ke wannan kuka, da tuni an yanka ta kowa ya huta. In gama shif, ƙafa ta kumbura, in sa kai a filo, sai fuuu! Yau ɗin nan zan kai ƙararsa ofis. Ko ya bari, ko su fitar da shi."

"A'a, Hajiya. Ba a kai ƙarar mai furfura sai an fara aika masa da dattijo."

"To ai ga dattijon nan a gabana. Sa rigar nan taka da ke cika lif, ka je ka tsorata shi."

Na kuwa saka ta. Riga ce ta saƙi mai nauyi, aska takwas, wadda aka ɗinka mini ranar bikin ajiye aiki. Manzo ba ya zuwa a wulaƙance. Da tsohon ya buɗe ƙofa, ƙahon ƙarfe irin na 'yan badujala a hannunsa, sai ya dube ni daga hula har takalmi.

"Sarki ne ya zo mini, ko fasto?"

"Malamin makaranta ne, maƙwabcinka."

"Shigo, Hedimasta," in ji shi. Da wannan suna ya kira ni har iyakar zamanmu.

Ba a fara wa mutum da abin da ya kawo ka. Na tambaye shi kwana, da gida, da sanyi, da jiki, yana amsawa yana murmushi, maganarsa na fita da ɗan tsamin baki kamar wanda bakinsa ya cika. Ina cikin gaisuwar ne idona ya kai ga bango. Daga ƙasa har rufi faya-fayan garmaho ne a jere, sun fi littattafan ɗakin karatun makarantata yawa. Na yaba masa da ƙoƙarin tarawa, na ce lallai yana son kiɗa, kuma ba a tsufa da neman ilmi, ya dage zai iya.

Ya yi dariya har sai da ya dafe bakinsa da hannu. Sa'an nan ya zaro faifai ɗaya, ya juya bayansa, ya ɗora yatsa a kan wani ƙaramin rubutu can ƙasa. Sunan da ke jikin ƙofarsa ne. Ya zaro wani, ga sunan. Ya zaro wani daga sama, wani daga ƙasa, duk inda hannunsa ya faɗa, ga sunan. Daga ƙarshe ya fito da ɗaya mai hoton wani saurayi siriri, idanu a rufe, ƙaho a baki. Ya ɗora shi a kan garmaho, ya sauke allura.

Na ji busa iri-iri a rayuwata, na kuma ɗauka na san iyakar abin da numfashin ɗan Adam zai iya yi da ƙarfe. Ashe ban sani ba. Sautin ya fito da gudu kamar ruwan da aka buɗe wa madatsa, yana hawa yana sauka, ganga na bin sa a guje ba ta cim masa. Can sai ya tsaya cik a sama, ya riƙe, ya riƙe, har na ji ina nema masa iska. Da ya sako shi kuwa, a hankali ya sauko da shi kamar mai sauke jariri daga goyo. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na dubi hoton, na dubi tsohon da ke gabana cikin silifa.

"Kai ne wannan?"

"Ni ne dā."

"To, maƙwabci, abin da muke ji kullum fa?"

Maimakon amsa, sai ya sa yatsu biyu a baki ya ciro haƙoransa na sama gaba ɗaya, ashe na roba ne, ya nuna mini, ya mayar. Ya ce mutane suna tsammani sautin yana cikin ƙaho ne, alhali kuwa a leɓe yake, leɓe kuma a kan haƙori yake jingina. Bara likita ya cire masa na gaba duka. Leɓen da ya yi rayuwarsa kaf yana koya wa wuri ɗaya ya wayi gari bai san inda zai zauna ba. Don haka ya koma inda ya fara yana yaro: sauti guda, a ja shi har ya tsaya da ƙafarsa. In ya busa kaɗan dole ya huta, shi ya sa aikin ke cin wuni.

A zaman nan ya ba ni tarihinsa a taƙaice. A kudancin ƙasar aka haife shi, a coci ya fara busa, ya yi ta a soja, sannan ya shigo New York da ƙaho da kwat ɗaya. Kiɗan jaz ake kiran sana'arsu. Yawancin aikinsa a bayan manya ya yi shi, su a gaban faifai da manyan haruffa, shi a baya da ƙanana. Nasa na kansa ba su da yawa. Ya ga zamanin da ake kiran sa ɗaukar faifai safe da yamma, ya ga zamanin da aka daina kira, ya koma busa a bukukuwan aure. Yanzu ga wasu samari masu ƙaramin kamfani sun nemo shi, suna so ya yi musu faifai da sunansa kafin lokacin zafi ya wuce.

"Shi ne na ƙarshe, Hedimasta, na sani. In na bar leɓen nan ya huta, nama zai koma, naman miya."

Duk da haka na isar da saƙon Hajiya, domin manzo ba ya komawa da saƙo a aljihu. Ya ce bai san da mai barci a bayan bangon ba, kuma ita ke da gaskiya. Ya nuna mini wani abin toshe bakin ƙaho, ya ce da shi ba ya jin gaskiyar sautinsa, sai ya riƙa koya wa leɓensa ƙarya. Ya ce a ƙuruciyarsu, in suna haya mutum da yawa a ɗaki ɗaya, cikin kabad ɗin tufafi suke cusa ƙaho su busa, kwat-kwat ɗin sanyi su shanye ƙarar. Ya tashi ya buɗe kabad ɗinsa na jikin bango. Wasu 'yan kwat ne shara-shara ke lilo a ciki, saura duk ya kyautar. Ya buga katakon da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga.

A inda na fito, masu busa a ƙofar gida suke tsayawa, mahaifina kuwa bai taɓa zama tabarma ɗaya da su ba. Amma akwai wata al'ada tamu: in mai busa ya motsa zuciyar babban mutum, yakan tuɓe rigar jikinsa a bainar jama'a ya ba shi. Na sha gani ana yi, ban taɓa yi ba, domin ba wanda ya taɓa kai ni can. Ranar nan na tuɓe aska takwas, na rataye ta a kabad ɗinsa da hannuna. Na koma gida daga ni sai 'yar ciki, na kwaso sauran: ta tsamiya, da shuɗiya mai baƙin rini, da fararen shadda, na bar ɗaya kawai domin Lahadi.

Hajiya ta tare ni a baranda, ina rungume da riguna har wuya.

"Baba! Na aike ka ka tsorata mutum, shi ne ya tuɓe ka?"

Na ce ta biyo ni. Na roƙi tsohon ya sake sa faifan nan. Ta tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana taunar cingam. Kafin a kai tsakiya taunar ta tsaya. Da aka gama ta faɗi wata kalma da harshen Asante, ta juya ta fita. Jim kaɗan sai ga ta da atamfofin da take ɓoyo a akwati, ko ɗinkawa ba a yi ba, da barguna biyu. Muka liƙe bango da ƙofar kabad. Ta koma ɗakinta ta kwanta, shi kuma ya cusa rabin jikinsa cikin rigunana ya busa. Muka jira ta buga bango. Ba ta buga ba. Da na leƙa ta wajen la'asar, ta ce, "Kamar sauro ne a wani gari, Baba. Ka ce masa ya ci gaba, amma in ya ɗiga mini mai a atamfa, ni da shi ne."

Tun daga nan na bar bakin taga, na koma kujerar ɗakinsa. Nakan zauna a bayansa ina kallon kafaɗunsa na hawa da sauka, ƙamshin turaren rigunana na gauraya da warin man da yake ɗiga wa maɓallan ƙaho. Ban taɓa ganin ɗalibi mai haƙurin wannan malami ba. Sauti guda ya zama biyu, biyu suka zama tsani. Wata safiya, ba sanarwa, sai na ji waƙa sosai tana fitowa daga cikin tsamiya da shadda, a shaƙe, amma da ranta.

Ranar ɗaukar faifan ya ce in raka shi. Muka hau jirgin fito da hantsi, muka bi jirgin ƙasa zuwa Brooklyn. Ɗakin ɗaukar sautin ba taga, bangonsa duk an lulluɓe. Wata budurwa ce a kan piyano, da wani saurayi mai ganguna, da wani rungume da ƙaton abin kiɗa mai tsirkiya wanda ya fi shi tsawo. Da tsohon ya shigo duk suka miƙe. Ni aka ajiye ni bayan gilashi kusa da mai na'ura.

Suka fara da wata mai sauri daga cikin waƙoƙinsa na dā. Ya kai inda zai hau, sautin ya tsage. Suka sake, ya sake tsagewa. Ya zauna, aka kawo masa ƙanƙara ya ɗora a leɓe, na ga ya kumbura. Mai na'ura ya yi masa magana cikin ladabi, ya ce ba damuwa, ya busa gutsure-gutsure, su za su haɗa a kwamfuta ba wanda zai gane.

"Ni zan gane, ɗana," in ji tsohon. "Ajiye mai saurin nan, ta saurayi ce, ya riga ya yi ta. Ba ni mai sanyin."

Jar fitilar da ke nuna an fara ɗauka ta kama. Budurwar ta taɓa piyano a hankali. Ya ɗaga ƙaho, ya daɗe yana gyara masa zama a baki, sa'an nan ya saki sauti guda, dogo, irin wanda muka yi watanni muna yi wa dariya. A wannan karon babu riga tsakanina da shi. Ya cika ɗakin, ya ratsa gilashi, na ji shi a ƙashin ƙirjina. Bai yi gudu ba, bai hau sama ba. Yakan faɗi kaɗan ya yi shiru, ya bar shirun ya yi nasa aikin, kamar dattijon da ya san za a jira shi. A kusa da ƙarshe muryar ta ɗan karye, sai ya bi ta karyewar ya sauka da ita, har ban iya cewa kuskure ne ko nufi ba. Mai ganguna yana kaɗawa hawaye na bin kumatunsa, bai ko share ba.

Fitila ta mutu. Mai na'ura ya tambaya cikin raɗa ko a goge wurin da ya karye.

"Bar shi yadda yake."

Tsohon ya ciro farin hankici ya danna a leɓensa, ya duba ɗigon jinin da ke jiki, ya ninke ya mayar aljihu. Sa'an nan ya juya ga budurwar.

"'Yata, kawo waƙa ta gaba tun leɓen yana da ɗumi."