Yarinyar da Na Tsallake a Rabon Magani

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ni ɗan acaɓa ne a wani gari kusa da Danja, kuma da za a yi gasar surutu a duk ƙasar Funtua, ni zan zo na ɗaya, in dawo in karɓi na biyu. Na san kowane lungu na garinmu, har inda kajin mutane ke zuwa yawo. Shi ya sa mai unguwa ya zaɓe ni ɗan jagoran masu rabon magani. Kowace damina, wata-wata, mata biyu ke bi gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ni ke yin sallama, in lallaɓa maigida da barkwanci, in sun gama in sa alama da alli a bango. Mai duba aiki bango take bi. Inda ta ga alli an shiga, inda babu an tsallake, inda babu bangon gaba ɗaya kuwa ba ta ma san da mutane a wurin ba.

To, a hayin rafi akwai bukkokin baƙi daga wajen Maraɗi, masu ƙwadago a gonakin rake da masara, wasunsu da iyali. Bukkokin kara ne da leda. A watan farko muka isa bakin rafi, ruwa ya kai gwiwa, ni kuma na sa sabon takalmi mai sheƙin da za ka iya aske gemu a jikinsa. Na ce wa matan ai can babu kowa sai kwaɗi, kwaɗin ma gwauraye ne ba su da yara. Ɗayarsu ta ce ita fa ga hayaƙi tana gani. Na ce to Hajiya ko mun je a ina zan shafa alli, a kan kara ko a goshin akuya. Suka yi dariya, muka juya. Wata na biyu ma haka. Ranar akwai wata mata tana wanki a wancan gefen, ta ɗago mana hannu, ni ma na ɗaga mata nawa kamar ɗan takara, na wuce.

Wata Talata da hantsi ina tasha ina zuba wa abokai ƙarya, sai ga matar nan mai wanki da mijinta, jiƙe har ƙugu. Ta rungumo yarinya 'yar shekara uku tana jijjiga, ido ya kafe. Na kwashe su a babur zuwa ƙaramin asibitin garinmu. Malamar asibiti ta ja fatar idon yarinyar, fari fat, ta ce zazzaɓi ya shanye jininta. Ta tambayi katin maganin damina, uwar ta ce ba su taɓa ganin kati ba. Ta tambayi inda suke zaune, aka ce hayin rafi. Malamar ta juyo ta kafe ni da ido, don ta san yankina ne. Uwar ma ta dube ni, kuma na san ta gane ni sarai. Sai ta ce wai ruwa ne ya yi yawa bana, bayin Allah ba su samu hanya ba. Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Aka tura mu babban asibiti a Funtua, likita ya ce sai an ƙara mata jini yanzu-yanzu. An gwada uban, aka ce shi kansa jinin bai ishe shi ba. Uwar tana da ciki. Ba su san kowa a Funtua ba. Sai na miƙa hannu, ni da in na ga allura nake tuna ina da aiki a Malumfashi. Allurar da aka kawo kuwa, na rantse ta kusa kai bakin garma, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci. Allah ya sa jinin ya dace. Kwana biyu yarinyar ba ta san inda take ba. A rana ta biyu da la'asar na kasa daurewa, na samu uban a gindin bishiyar maina, wato darbejiya, na faɗa masa gaskiya, har zancen takalmin. Sai ya ce Malam ai sun sani, tun watan farko suna hango mu. Su sun ɗauka doka ce, baƙo ba shi da rabo a maganin, shi ya sa ba su taɓa tambaya ba. Ya ce amma tunda jinina yana jikin ɗiyarsa, yanzu dole in riƙa tsallakowa gaisuwa, in kuma baro takalmin a gida. Na yi dariya ina share hawaye da hula. Washegari yarinyar ta buɗe ido ta ce koko take so.

Da na dawo na je gaban mai unguwa da kwamitin lafiya na tona wa kaina asiri. Wani dattijo ya ce ai baƙi ne, da an yi girbi za su tafi, maganin na 'yan gari ne. Na ce Baba, sauron garin nan ni ban taɓa ganin ya tsaya duba katin ɗan ƙasa ba, kuma masarar da aka yi mana tuwo da ita jiya a tambayi wa ya nome ta. Malamar asibiti ta ce maganin na duk yaron da ke kwana a yankin ne, ko jiya ya sauka. Aka sa baƙin a takarda, aka buɗe wa matansu katin awo, alamar alli kuma a jikin jarkar ruwa muke sa ta. Tun daga nan duk ɗan jagoran da na haɗu da shi, daga Mahuta har Dayi, sai na cika masa kunne da labarin nan har ya roƙe ni in ƙyale shi.

Na gode wa Allah da bai bar ni na ɗauki alhakin rai saboda son jiki da neman a yi mini dariya ba. Na gode wa baiwar Allahn nan, uwar yarinyar, da ta rufa mini asiri a ranar da ban cancanta ba. Kai da aka ba amanar ƙirga mutane, ko a rabon magani, ko rigakafi, ko gidan sauro, ka sani baƙo ba zai biyo ka ya yi rigima ba. Shiru zai yi, ya ɗauka haka tsarin yake, ya koma ya zuba wa ɗansa ido. Kai ne za ka je ka same shi. Wannan yarinyar dai Allah ya bar mana ita, tana nan tana tsalle-tsallenta. Amma ba ita kaɗai ce yarinya a hayin nan ba cikin waɗancan wata biyun, kuma har yau ban samu ƙarfin halin tambayar yadda sauran suka ƙare ba.